Kunne Ɗaya Ya Rage Ji: Wa Ke Buƙatar Hoton Ƙwaƙwalwa?

Assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru a wannan makon kusan duk na kunne ne, don haka na haɗa su wuri guda. Akwai guda ɗaya da ta tsaya mini a rai, a kanta zan fi daɗewa.

Likita, kullum bayan wanka ina ƙwaƙule kunnena da tsinken auduga, amma ƙaiƙayin ƙaruwa yake yi. Me zan yi amfani da shi? Daga wata ɗaliba a Obalende.

Ki daina sa komai, 'yata. Kunne da kansa yake turo dauɗarsa waje, tsinken nan kuwa ƙara cusa ta ciki yake yi, yana kuma goge maiƙon da ke kare fatar, shi ya sa ƙaiƙayin. Ki goge bakin kunnen da tawul kawai. In bayan mako biyu bai lafa ba, ki je a leƙa.

Ɗana ɗan shekara uku, kunnensa na zubar da ruwa mai wari tun wata biyu. Kakarsa ta ce in tatsa nono a ciki, maƙwabciyata kuma ta ce ruwan albasa. Daga wata uwa a Agege.

Kada ki yi ko ɗaya, don girman Allah. Kunnen da ke zubar da mugunya yawanci dodon kunnen ne ya huje, wato duk abin da kika ɗiga zai wuce ciki kai tsaye. Nono abinci ne ga ƙwayoyin cuta idan ya kwanta a wurin, ruwan albasa kuma ƙona fatar ciki yake yi. Na ga an zuba manja, na ga kananzir, na taɓa ganin har man birki a kunnen yaro, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wata biyu ya yi yawa. Ki kai shi asibiti a wannan makon a wanke kunnen a ba shi maganin ɗigawa da ya dace, ki kuma hana ruwa shiga lokacin wanka. In kika ga bayan kunnen ya kumbura, ko zazzaɓi mai zafi, ko wuyansa ya sanƙare, a daren nan za ki tafi, ba sai gari ya waye ba. Ki gaya wa Kaka da ladabi cewa likita ne ya hana.

Likita, shekarata 48, ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Sama da shekara guda ke nan kunnena na hagu yana ƙara kamar kukan gyare, dare da rana. Na lura kuma in ana kirana a waya sai na mayar da ita kunnen dama, don a hagu ina jin murya amma ba na gane kalmomin. Babu ciwo, babu ruwa. Abokai sun ce ana ambatona ne, wani ya ce iska ce, an yi mini ruƙiyya, na ɗiga man zaitun da na habbatussauda. Da na je asibiti aka yi gwajin ji, sai likitan ya ce in yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI. Yayana ya ce neman kuɗi ne kawai, me ya haɗa kunne da ƙwaƙwalwa? Ni kuma tsoro ya kama ni. Kansa ce, wato ciwon daji?

Alhaji, Allah ya ba ka lafiya. Zan fara da abin da ya fi damun ka: da wuya ƙwarai abin da likitan ke nema ya zama kansa, kuma mafi yawan waɗanda ake turawa wannan hoton ba a samun komai a kansu. Amma likitan nan ya yi daidai, kuma da wurina ka zo, abin da zan ce ka yi ke nan. Bari in warware maka dalili, don ka samu abin da za ka faɗa wa Yaya.

Kunne kashi uku ne. Akwai ramin da muke gani har zuwa dodon kunne. Bayansa akwai ɗan ɗaki mai ƙananan ƙasusuwa uku. Can ciki kuma, a binne cikin ƙashin kai, akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, shi ke mayar da sauti saƙo. Daga nan jijiya ke ɗaukar saƙon ta kai ƙwaƙwalwa. Ita ce ta takwas cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, kuma aiki biyu take yi: ji, da daidaita tsayuwar mutum don kada ya yi tangaɗi. Tana bi ta wani ɗan siririn rami a cikin ƙashi, tsawonsa kamar santimita ɗaya, tare da jijiyar da ke motsa fuska. Abin da ya haɗa kunne da ƙwaƙwalwa ke nan.

Wannan jijiya tana da riga, kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Wani lokaci rigar kan yi tsiro, ta zama ƙari. Likitoci na kiran sa akustik niyuroma, ni ina ce masa ƙarin jijiyar ji. Ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki kamar kansa. A hankali yake girma, sau da yawa milimita ɗaya ko biyu a shekara, wani ma ya tsaya cak. Ba shi da yawa a cikin jama'a, kamar mutum ɗaya ko biyu cikin dubu ɗari ake ganowa a shekara, kuma ya fi zuwa tsakanin shekara 40 da 60. Matsalarsa matsi. Ramin nan ƙashi ne, ba ya buɗewa, don haka ƙarin sai ya danne jijiyar, ji ya riƙa raguwa a kunne ɗaya ba tare da ciwo ba. In ya cika ramin sai ya leƙo cikin ƙoƙon kai, ya fara taɓa jijiyar da ke sa a ji taɓi a fuska, daga baya ya danne tushen ƙwaƙwalwa ya tare hanyar ruwan da ke zagaya ta. A nan ne abin da ba kansa ba yake iya zama barazana ga rai.

Rashin ciwon nan shi ke yaudarar mutane. Wata baiwar Allah da na taɓa gani, shekara huɗu tana kwanciya a kan kunnen da ke ji don ta samu barci saboda ƙarar janaretan maƙwabta, har tana murna ɗayan ba ya jin hayaniya. Abin da ya kawo ta asibiti shi ne wata rana tana shafa hoda ta ji rabin kuncinta kamar ba nata ba, kamar wanda aka yi wa allurar cire haƙori. Lokacin ƙarin ya riga ya girma. An yi mata aiki ta tashi, alhamdu lillahi, amma jin wannan kunnen bai dawo ba. Da ta zo tun shekarar farko, da zaɓin da ke gabanta ya fi haka yawa.

To, duk mai raunin ji a kunne ɗaya sai ya yi MRI? A'a, kuma a nan zan yi wa Yaya adalci. Hoton nan yana da tsada, ba kowane asibiti ke da injin ba, kuma in aka ɗauki mutum ɗari da aka tura saboda bambancin ji tsakanin kunnuwa biyu, waɗanda za a samu da ƙarin yawanci ba su kai biyar ba. Wannan ba a Legas kaɗai yake damun likitoci ba, har a ƙasashen da gwamnati ke biyan kuɗin. Shekara da shekaru ana neman ma'aunin da zai tace waɗanda suka fi buƙata, don kada a wahalar da mutum casa'in da biyar a banza, kada kuma biyar ɗin su kuɓuce.

Tacewar ta farko ba ta cin ko kwabo bayan kuɗin kati: a leƙa kunnen da fitila. Dauɗa da ta toshe, dodon kunne da ya huje, ruwa a bayan dodon kunne bayan mura, duk waɗannan suna rage ji a kunne ɗaya, kuma ba ruwansu da ƙwaƙwalwa. Su ne ma suka fi yawa. Akwai ɗan gwajin da za ka iya yi yanzu kana zaune: rufe bakinka ka yi gunji, "mmmm". In ka fi jin sautin a kunnen da ke da matsala, alama ce toshewa ce a waje ko tsakiya. In sautin ya gudu zuwa kunnen mai lafiya, zargi ya koma kan kunnen ciki ko jijiya. Wannan manuniya ce kawai, ba ta maye gurbin asibiti.

Ta biyu ita ce gwajin jin da aka yi maka, wanda aka sa ka a ɗan ɗaki aka ɗora maka abin sauraro, kana danna maɓalli duk lokacin da ka ji "fiii". Ka ɗauko takardar ka duba. Za ka ga layi biyu, mai zagaye ja na kunnen dama, mai alamar X shuɗi na hagu. Lambobin da ke jere a kwance, 500, 1000, 2000 har 8000, suna nuna sauti daga mai kauri kamar ganga zuwa mai siriri kamar usur. Na tsaye kuma ƙarfin sautin ne, ana auna shi da desibel. Tsufa da hayaniya kan saukar da layukan biyu tare. Abin da ke sa likita ya gyara zama shi ne layi ɗaya ya rabu da ɗan'uwansa ya yi ƙasa, kuma gwajin ya nuna raunin daga ciki ne, ba toshewa ba.

Tazarar nawa ce ke sa a tura mutum hoto? A 2018 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a duba yiwuwar yin MRI idan bambancin ya kai desibel 15 ko fiye a lambobi biyu na kwance da ke maƙwabtaka da juna. Wasu likitoci a Montreal ta Kanada, tun 2009, sun nuna cewa duba wuri guda, daidai lamba 3000, in tazarar ta kai 15, yana kama da yawa daga cikin masu ƙarin. Wasu asibitocin tazarar desibel 20 suke bi. Yanzu har kwamfuta ake koya wa karanta dubban takardun gwajin ji don ta yi hasashen wa ke ɗauke da ƙari. Duk da haka babu ma'aunin da ba ya kuskure. In ka matse shi wasu masu ƙarin su zille, in ka sassauta ka cika layin hoto da masu lafiya. Shi ya sa ni ba na tsayawa kan lamba kaɗai, sai na haɗa da labarin da mutum ya ba ni.

Labarinka kuwa, Alhaji, ya tara abubuwa uku. Kunne ɗaya ne. Ƙarar ma a wannan kunnen kaɗai take, kuma ta daɗe. Na ukun shi ya fi jan hankalina: ka ce kana jin murya amma ba ka gane kalmomin. Idan jijiya ce ke danne, fahimtar magana kan lalace fiye da yadda raunin jin ya nuna, kamar rediyon da ke da ƙara amma tashar ba ta kamu sosai ba. Ga kuma shekarunka. Wannan ba neman kuɗi ba ne, ka je ka yi hoton.

Akwai kuma waɗanda ba a ma jiran lissafin desibel a kansu. Duk mai raunin ji a kunne ɗaya da ya ji rabin fuskarsa ya yi sanyi ko ya mutu, ko bakinsa ya karkace, ko ido ɗaya ba ya rufuwa, ko yana tangaɗi musamman cikin duhu, hoto ya wajaba a kansa. In kuma aka samu ciwon kai mai tsanani da amai da sassafe, ko ganin abu biyu-biyu, ko ƙwarewa wajen haɗiya, wannan na gaggawa ne, a ranar za a tafi asibiti. Haka wanda a danginsu an taɓa samun irin wannan ƙari a kunnuwa biyu, musamman tun da ƙuruciya, don akwai nau'in da ake gado.

Ka kula da abu ɗaya wajen biyan kuɗi. Wani zai ce maka ka yi hoton CT tunda ya fi araha. CT gwani ne wajen nuna ƙashi, amma ƙaramin ƙari a cikin wannan rami yakan ɓace masa, sai ka biya kuɗi ka koma gida da kwanciyar hankalin ƙarya. Ka tafi da takardar likitan, wadda ta nuna ramin jijiyar ji ake son gani, don ɗaukar hoton wurin daban yake da hoton kai na gama-gari. Sassan kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja duk sun san wannan aikin, kuma in kana da inshorar lafiya ka tambaya ko za ta ɗauki wani kaso.

In an samu ƙarin fa? Ba lallai a fasa kai ba. A Danmak, inda suke rubuta duk wanda aka gano da wannan ƙari tun 1976, sun ga cewa da yawa daga cikin ƙananan ba sa ƙara girma bayan an gano su. Don haka ƙarami sau da yawa sa ido ake yi, a maimaita hoto bayan wasu watanni, daga baya shekara-shekara. Matsakaici ana iya harbinsa da haske na musamman ya daina girma ba tare da yanka ba. Babba shi ne sai tiyata. Wanda ya zo da wuri duk hanyoyin nan uku a buɗe suke gare shi, wanda ya makara ɗaya ce ta rage masa.

Game da ruƙiyya da addu'a, ka ci gaba da roƙon Allah, ba ni da ja a kan wannan. Amma maganar "ana ambatonka" ta ɗan ƙarar da ke zuwa ta wuce cikin daƙiƙu ce, wa ake ambato shekara guda ba hutawa, kuma a kunne ɗaya? Man da kake ɗigawa kuma iyakarsa dodon kunne, jijiyar tana can bayan ƙashi, ko kwalba goma ka zuba ba zai kai gare ta ba. Ka daina, ka je ka yi hoton a cikin watan nan, kada ka ce sai bayan kakar albasa.

Jiya na tashi daga barci kunnena na dama ya toshe ɗif, yana ƙugi. Ba na mura. Mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa ya ce dauɗa ce. Daga wani maigadi a Lekki.

Ɗan'uwa, yau za ka je asibiti, ka samu wanda zai riƙe maka ƙofa. Mai kemis bai leƙa kunnen ba, ta ina ya san dauɗa ce? Yi gunjin nan da na kwatanta a sama. In sautin ya tafi kunnen hagu mai lafiya, akwai yiwuwar kunnen ciki ne ya ɗauke farat ɗaya, kuma wannan yana da wa'adi. Maganin sitiroyid da ake bayarwa ya fi aiki in an fara cikin kwanakin farko, bayan mako biyu amfaninsa ya ragu ƙwarai. Kada ka saya da kanka, yana tayar da suga da hawan jini, likita ne zai auna maka. Ko da jin ya dawo, irinku ma ana so a yi musu MRI daga baya, don wani lokaci da haka ƙarin jijiyar ji ke fara bayyana, kuma dawowar ji ba ta wanke mutum. Ka kuma gaya wa likitan in ka yi zazzaɓi mai tsanani kwanan nan, domin zazzaɓin Lassa kan bar kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke da matsalar ji. Ina sake faɗa: yau, ba Litinin ba.

Shekara 22 ina tuƙin tirela daga Apapa zuwa Kano. Kunnuwana biyu duk sun yi rauni amma na hagu ya fi. Ni ma sai na yi hoton? Daga wani direba.

Wataƙila a'a. Kunnenka na hagu shi ke jikin taga, shi ke shan iska da ƙarar inji da hon, don haka ɗan bambanci a wurin direba ba abin mamaki ba ne. Masu injin markaɗe da masu gyaran janareta ma haka, kunnen da ke fuskantar injin ya fi lalacewa. Ƙarar da ta kai desibel 85 awa takwas kullum tana cinye ji a hankali, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Amma kada ka yanke wa kanka hukunci. Ka yi gwajin ji, kuɗinsa bai kama ƙafar na hoto ba. In tazarar ƙarama ce, a maimaita bayan shekara. In ta kai ma'aunin da na ambata, tuƙi ba zai zama hujjar ƙin yin hoto ba. Ka riƙa ɗaga gilashi a kan babbar hanya.

Gaskiya ne wayar salula ke kawo ƙari a kunne? Daga wani ɗan canji a Idumota.

Babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai samu alaƙa tsakanin waya da ƙarin ƙwaƙwalwa ko na jijiyar ji ba. Abin da na fi ji maka tsoro shi ne ƙure sauti a abin sauraro na kunne.

An yi wa mahaifiyata allurai na kwana biyar a kemis saboda ciwon mara, tun daga nan take jiri, jinta ya ragu. Daga wata matar aure a Alaba Rago.

Ki nemo sunan allurar. In jentamaisin ce, ita ce abin zargi na farko, don tana iya lalata kunnen ciki har abada, musamman ga tsofaffi da masu raunin ƙoda. Wannan allura ta asibiti ce, ana auna ta da nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa, amma sai ka ga ana tsira wa mutane ita a bayan kanta kamar ruwan sha. Abin yana ƙona mini rai. Kada a ƙara mata ko ɗaya, ki kai Mama a yi gwajin ji da na ƙoda a makon nan.

Ni mai walda ne, an rubuta mini MRI, na ji an ce injin yana jan ƙarfe. Akwai haɗari? Daga wani matashi a Mushin.

Ka yi tambaya mai kyau. Injin maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, babu hasken da ke ƙona jiki a cikinsa, amma in ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonka zai iya motsa shi. Ka faɗa musu sana'arka tun kafin ka shiga, za su fara yi maka ƙaramin hoton ido su tabbatar. Haka mai na'urar bugun zuciya ko harsashi a jiki, dole ya faɗa. In babu komai, kwanciya ce ta kamar rabin awa cikin ƙara mai yawa, za su ba ka abin toshe kunne, ka daure kada ka motsa kai har a gama.